Masu Ɗaukar Makarar Ubaidullah

Dukkanmu mallakar Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. A safiyar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, wadda ta zo daidai da sha huɗu ga Rajab na shekarar 1446, Allah Ya karɓi ran abokina Alhaji Ubaidullah Zayd, tsohon Babban Ministan tsibirin Nurfali, a wani asibiti a nan Manchester, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ya rasu yana da shekara tamanin da ɗaya. Ya bar matarsa, Hajiya Ihsan, da 'yarsu guda, Bilqis, da jikoki.

Kafin in ci gaba akwai gyara. Wata jarida da ta ba da labarin rasuwar ta kira shi Shugaban Ƙasa, ta kuma ce sojoji ne suka sauke shi. Duka biyun ba haka ba ne. Shugaban gwamnatin Nurfali Babban Minista ake ce masa, tsibirin kuma ba shi da rundunar da za ta iya sauke kowa. Ubaidullah ya riƙe muƙamin daga 1986 zuwa 1996, ya faɗi zaɓe, ya miƙa mulki da hannunsa. Da yana raye da ya yi mini dariya, ya ce Malam Awo, wato ni, ya fara. Amma wanda ya tafi ba ya iya gyara wa kansa labari, sai wanda ya bari ya gyara masa.

Ubaidullah, tun da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama wuri ɗaya. Na fara wannan rubutu a teburin cin abinci, na kai shi ɗaki, na sake dawowa da shi. Jiya na hau tram, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Salford ba tare da wata buƙata ba, na tsaya a bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa inda muka saba tsayawa, wurin da kake cewa wannan ba ruwa ba ne, kwatami ne aka sa masa fitilu. Ban daɗe ba na juyo. Ina ganin ba zan natsu ba sai na rubuta yadda aka ɗauke ka, domin an kusa kasa ɗaukar ka yadda ya kamata.

Ga wanda bai san Nurfali ba, ɗan tsibiri ne a tekun Indiya, wanda mai keke zai tashi daga wannan ƙarshe da hantsi ya yi azahar a wancan. Mutanensa Musulmi ne, yawancinsu masunta. Ni kaina ban taɓa jin sunansa ba sai a 1968, da na zo daga Katsina karatun harhaɗa magunguna, na kama ɗaki a wani gidan haya a unguwar Hulme ta Manchester wanda an daɗe da rushe shi. A ɗakin da ke kallon nawa na tarar da wani siririn saurayi mai karatun injiniyan tashoshin ruwa, yana sallah a kan tawul. A hunturun farko mura ta kwantar da ni har na fara tunanin gida. Kai ne ka riƙa dafa mini romon kifi da barkono, mai gidan tana buga ƙofa tana cewa warin ya kama labulenta, kana ba ta haƙuri kana ci gaba da dafawa. Kai ka sa mini suna Malam Awo, saboda ka ga ina shafe bakin cokali da wuƙa kafin in zuba ganyen shayi. Ni kuma na sa maka Sarkin Ruwa. Da na bayyana maka cewa sarauta ce a ƙasarmu, ka ce ka karɓa, amma ba ka son rawani.

Ka koma gida a 1973, ka yi aikin injiniya a tashar tsibirin. A 1979 mutanen ƙauyenku, Tulai, suka tura ka majalisa. Abin da ya ɗaga ka ba baki ba ne, don ba ka iya jawabi ba. Na ji ka sau ɗaya a kan dandali, kana karanto wa masunta zurfin mashigar ruwa kamar mai ba da darasi. Abin da ya ɗaga ka shi ne tankin ruwan sama. Rijiyoyin Nurfali sun fara gishiri, yara suna ta ciwon ciki, kai kuma ka dage sai kowane gida ya sami tanki mai murfi. Abokan hamayya suka riƙa kiran ka Ministan Randa. Da ka zama Babban Minista ka hana fasa duwatsun murjani daga teku don gini, ka ɓata da masu kwangila, har da surukinka. Ka buɗe sakandaren 'yan mata ta farko. Ka sa jirgin fito ya riƙa tashi a lokacin da aka rubuta, ko da minista ne bai iso ba, kuma aka taɓa barin ka kai kanka a gaɓa, ka tsaya kana ɗaga wa matuƙin hannu cikin jin daɗi.

Na ziyarce ka a 1989. Ɗan Katsina a kan teku abin tausayi ne, kuma ba zan faɗi halin da na sauka a ciki ba. Ka zo tarya ta a kan keke, wani ɗan sanda yana bin ka a kan nasa, wanda ya fi naka kyau. Na halarci zaman majalisar ministocinka daga bakin taga, don a buɗe take, kuma duk mai wucewa yana iya tsayawa ya saurara. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce famfon tankinta yana zuba. Ka dakatar da zaman, ka tambaye ta ko daga wuya ne ko daga gindi. Na ce maka daga baya wannan ba tsari ba ne. Ka ce a tsibirin da kowa ya san uwar kowa, wannan shi ne tsarin.

A wannan ziyara na fara jin labarin jirgi. A Nurfali duk namijin da aka haifa, an haife shi ne cikin wani jirgin kamun kifi, na kakanninsa. Ko katakon jirgin ya ruɓe tun zamanin da, sunansa yana nan, mutanensa kuma suna nan. Ko mutum ya zama likita ko minista, idan aka tambaye shi ko shi wane ne, sunan jirgin zai fara faɗa. Babban haƙƙin da ke tsakanin mutanen jirgi shi ne ɗaukar gawa. Su ne za su sa kafaɗa, su ne za su saukar da shi kabari. Iyalin mamaci kuma ba sa sanar da su ta bakin wani sai sun tura ɗan aike takanas, ya tsaya a ƙofar babban jirgin, wato dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinsu, ya tuɓe takalmi, ya ce jirgi kaza ya rasa hannu. Idan iyali suka ambaci wasu masu ɗauka kafin su yi wannan aike, to sun fitar da mamacin daga jirginsa ke nan. Jirginku sunansa Amal.

Yanzu na zo kan abin da ya kayar da kai, kuma ba zan tsallake shi ba don ana ta'aziyya. Ba ka son a tsallake abu.

Tulai a bakin gaɓa take, teku kuma tana cin ta. Ka auna, ka sake aunawa, ka tabbatar ƙauyen ba zai daɗe ba. A 1994 igiyar ruwa ta fara tone gefen maƙabarta, har aka tsinci ƙashi a cikin yashi. Ka yanke hukuncin a tashi ƙauyen gaba ɗaya zuwa tudu, rayayyu da matattu. Mutanen Tulai sun yi kuka, amma sun yarda, don idonsu ya gani. Abu ɗaya suka roƙa: a bar kowane jirgi ya ɗauki matattunsa a kafaɗa zuwa sabuwar maƙabarta. Tudun da nisa, hanyar hawa ce, aikin zai ci makonni. Kai kuma lissafinka ya nuna guguwar shekara ta kusa. Ka ƙi. Ka ɗauko leburori daga wajen tsibirin, da manyan motoci, aka naɗe kowa a sabon likkafani cikin mutunci, aka jera a mota, aka gama cikin 'yan kwanaki. Mahaifinka yana cikinsu. Ba ka ɓuya a ofis ba, ka tsaya a wurin tun daga farko har ƙarshe. Amma waɗanda suka gan ka sun ce kana tsaye kana duban agogo.

Guguwar ba ta zo ba a shekarar. Ba ta zo ba a ta biye. Sai a ta uku teku ta shafe tsohuwar Tulai, har masallacin. A lokacin an riga an yi zaɓen 1996, kuma a akwatin ƙauyenku ba ka sami abin da za a nuna ba. Mutanen Tulai da yawa sun kasa zama a tudu nesa da jiragensu, suka yi ta ƙaura, akasarinsu suka taru a Birmingham suna aikin masana'anta da tuƙin tasi. Ka yi wasu shekaru a kujerar adawa, sannan ciwo ya kawo ka Manchester wurin Bilqis a 2003, ka zauna a wani ƙaramin flat a Old Trafford, titi biyu tsakaninmu. Fiye da shekara ashirin, tafiyar jirgin ƙasa guda tsakaninka da mutanen jirginka, ba ka je ba, ba su zo ba.

Sau ɗaya ka yi mini maganar. Muna zaune a ɗakin jiran GP, wato likitan unguwa, ba tare da na tambaye ka ba, ka ce: “Aminu, da na bar su sun ɗauka a kafaɗa, da sun gama, har sun huta, ruwan bai zo ba.” Aka kira sunanka, ka tashi ka shiga. Ba ka sake tayar da ita ba.

A nan Manchester kuwa mu Hausawa muka same ka. Maƙwabtanka sun san ka ne a matsayin tsohon da ke gyara wa mutane famfo kyauta. Ɗalibanmu da ke zuwa daga Kano da Zariya da Sakkwato, kai ne kake karanta musu kundin digiri da jan biro, kana raka su council, wato hukumar gari, idan mai gida ya zalunce su, kana zuwa sunan 'ya'yansu ka zauna ka ci tuwo da cokali suna yi maka tsiya. Da matata Raki ta rasu a 2011, kullum da hantsi kana ƙofata. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka kan zauna, ka buɗe jarida, ka karanto mini kurakuran da ke ciki don in sami abin yin faɗa. Sai bayan shekaru na gane dabarar.

Saboda wannan ƙauna ce aka yi kuskuren. Ranar da ka rasu, kafin azahar, Dakta Sha'aban, mai bincike a jami'a kuma sakataren ƙungiyarmu ta Hausawa, ya rubuta sanarwa da Hausa da Turanci ya tura a waya. Ya faɗi masallacin da za a yi sallah, ya faɗi cewa an sami gurbi a maƙabarta ranar Alhamis bayan azahar. Sannan ya ƙara da cewa kada iyali su damu da masu ɗaukar makara, matasanmu sun ɗauki nauyin wannan. A wurinmu wannan ita ce magana mafi daɗi da za a gaya wa iyalin baƙo. Makara a ƙasarmu ba ta da mai ita, tana tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, kowa yana neman lada. Kafin la'asar sanarwar ta bi wayoyi ta isa masallatan Birmingham.

Bilqis ce ta kira ni, na garzaya gidansu. Na tarar da Hajiya Ihsan zaune a kan darduma, ta juya wa ɗakin baya. Ashe tun kana asibiti ta ƙudurta za ta aika wa mutanen Amal, ko za su ƙi, tana jiran a sami wanda zai je. Yanzu ga shi an riga ta. Ta ce mijinta ya sa baƙi sun ɗauki mahaifinsa, ya rayu da abin har ya mutu, ita ba za ta sa baƙi su ɗauke shi ba. Idan mutanen Amal ba su zo ba, ba ta yarda a fitar da shi. Bilqis ta ce idan gurbin Alhamis ya wuce, sai wani makon. Gawar Musulmi kuma tana kwance a cikin sanyi tana jira.

Dakta Sha'aban ya iso yana share gumi cikin wannan hunturu. Ya ce: “Baba, wallahi update kawai na yi a group. Na ɗauka taimako ne.” Na ce masa na sani, kuma da ni ne na rubuta, abin da zan gyara bai wuce waƙafi ba. Na san al'adar tun 1989, amma ban taɓa gaya wa kowa a cikinmu ba, don ban zaci za ta biyo mu har nan ba. Ya ce zai tura wata sanarwar ya janye. Hajiya, ba ta juyo ba, ta ce abin da ya fita ya fita, sai dai a je. Ta ce ni zan je, tun da ba su da namiji a nan, kuma ni na ci abinci a tsohuwar Tulai.

Da safiyar Laraba na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly. Bilqis ta koya mini kalmomin aiken a harshensu, na yi ta maimaita su har matar da ke kusa da ni ta canja kujera. Jirgin ya tsaya a fili ba dalili, ya tashi, ya sake tsayawa. Na miƙe na je ƙarshen tarago na dawo, na sake zuwa. Daga tashar New Street ta Birmingham na ɗauki tasi zuwa unguwar Small Heath, gidan babban jirgin Amal, wani dattijo mai suna Muhsin. Sa'anka ne, tare kuka koyi iyo. Ɗansa na fari, da ya rasu yana goye, yana cikin waɗanda aka jera a mota a 1994.

Na tsaya a ƙofa, na tuɓe takalmi a kan siminti mai sanyi kamar ƙanƙara, na buga. Da ya fito, dogo, ya ranƙwafa, ido ɗaya ya yi fari, na ce masa Amal ya rasa hannu. Ya dube ni daga hula har safa. Ya ce da Turanci in shigo kafin ƙafata ta mutu a ƙofarsa a ce shi ya kashe ni.

An kawo shayi, bai sha ba. Ya ce sun ga sanarwa, sun ga an riga an sami masu ɗauka. Sannan ya ce: “Ai ya saba da haya.” Na haɗiye wannan. Na bayyana masa yadda muke yi a ƙasarmu, na ce wanda ya rubuta yaron kirki ne, bai san komai game da jirgi ba, kuma Hajiya Ihsan ce da bakinta ta aiko ni. Ya tambaye ni ko mu Hausawa kullum haka muke, mu ɗauki gawar mutane ba a aiko mu ba. Na ce haka muke. Ya ce to Allah Ya ba mu lada, Ya kuma ba mu haƙuri.

Daga nan ya tambayi yadda za a kai ka daga masallaci zuwa maƙabarta. Na ce a motar gawa, don a ƙasar nan ba a bin titi da makara. Ya ce mota kuma. Ya tambayi inda motar take tsayawa, na ce takan shiga har kusa da kabari. Ya tambayi nisan ƙofar maƙabarta da sashen Musulmi, na ce da tazara, don sashen yana can ƙarshe. Ya ce shi bai yi alkawari ba, zai yi magana da sauran, kuma saura kaɗan ne, duk sun tsufa. Amma idan sun zo, motar za ta tsaya a ƙofa, kuma ba ya son ya ga kowa ya duba agogo. Na ce masa gurbin council ne, yana da lokaci, ga rana tana faɗuwa da wuri a Janairu. Ya ce ya ji irin wannan bayani a 1994, kuma wanda ya yi masa shi ya fi ni iya lissafi.

Na dawo Manchester ba ni da amsa. Hajiya ta tambaye ni abin da ya ce, na faɗa mata yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta ce ya sha shayin? Na ce bai sha ba. Ta ce amma ya sa an kawo.

Ranar Alhamis aka yi maka sallah bayan azahar. Masallaci ya cika da Hausawa da Pakistanawa da Somaliyawa da Larabawa, har maƙwabtanka Turawa suna tsaye a waje. Ba ko mutum ɗaya daga Birmingham. Hajiya ta yarda a kai ka ƙofar maƙabarta, a tsaya. Muka tsaya. Na cire agogona na sa a aljihu, na bi jama'a ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su yi haka, su kuma ajiye wayoyi. Wanda ya san ni ya san abin da wannan ya ci mini. Iska tana kaɗawa, yayyafi yana sauka yana ɗaukewa. Ma'aikacin maƙabarta ya zo ya ce masu rufe kabari suna da lokacin tashi. Dakta Sha'aban ya ja shi gefe, ban san abin da ya gaya masa ba, na dai ga mutumin ya cire hularsa ya koma. Ya sake dawowa, Dakta ya sake tare shi. Liman ya matso ya ce mini a hankali jinkirta gawa ba sunna ba ce. Na ce na sani, Malam. Na yi ta kai da komo tsakanin motar da bakin titi, hasken rana yana raguwa, ina tunanin abin da zan gaya wa Hajiya idan aka rufe ƙofa, ban samu ba.

Sai ga wata tsohuwar bas ƙarama ta tsaya a hayin titi. Cunkoso ne ya riƙe su a babbar hanya. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi, wani da sanda, wani ɗansa yana riƙe da shi. Muhsin bai gaishe da kowa ba. Ya je bayan motar, ya dafa akwatin gawar, ya yi magana a harshensu, gajeriya. Bilqis ta gaya mini daga baya cewa sunanka na ƙuruciya ya kira, ya ce ka tashi, jirgi ya zo.

Suka ɗauke ka. Tafiyar a hankali take, don ƙafafunsu ba su da sauran ƙarfi, mu kuma muna biye, matasanmu hannuwansu a baya kamar an ɗaure su. Ba a kai rabin hanya ba na ga gefen hagu yana sunkuyawa. Wani dattijo numfashinsa ya fara sarƙewa. A al'adarsu ba a ajiye makara a ƙasa sai a bakin kabari. Suka tsaya cik, akwatin yana rawa a kafaɗunsu, ba wanda ya isa ya taɓa. Muhsin ya juyo da kansa da ƙyar, ya nemi Dakta Sha'aban da idonsa mai gani, ya ce: “Kai mai gaggawa. Yanzu an aiko ka. Kawo mutanenka.”

Haka aka ƙarasa da kai, Ubaidullah, mutanen Amal a gaba, yaran Kano da Zariya a baya suna karɓar juna, Muhsin bai saki kusurwarsa ba har bakin kabari. Su suka saukar da kai. Aka rufe da sauran ɗan haske, ma'aikatan suna tsaye suna jira.

A hanyar fita na tambayi Muhsin ko ya yafe maka. Na san tambayar ba ta dace da wurin ba, amma ina so in kai wa Hajiya magana tabbatacciya. Ya ce: “Mun ɗauke shi.” Na ce ba abin da na tambaya ba ke nan. Ya ce shi ma ya sani. Wannan amsa ce take hana ni zama. Na juya ta ta kowace fuska, ban iya cewa e ce ko a'a ba. Da na kai wa Hajiya, ta ce ta ishe ta, ta shiga takabarta da natsuwa. Ni ne ban samu ba tukuna. Na so a ce an rufe wannan magana kana raye, ka hau jirgin nan zuwa Birmingham ka tuɓe takalminka da kanka. Na sha yi maka faɗa a kan ƙananan abubuwa, wannan kuwa ka san ba ka ba ni ƙofar yi ba.

Kafin su hau bas, Muhsin ya kira Dakta Sha'aban ya riƙe hannunsa. Ya ce ya ga yadda suka rage, kuma jikokinsu ba su san sunan jirgin ba, sai ƙwallo. Ya ce: “Ranar tawa ba za mu isa ba. Za a aiko muku. Ku jira a aiko, sannan ku zo.” Dakta ya ce in Allah Ya yarda, Baba, amma Allah Ya ja kwana. Muhsin ya ce kada ya ja da yawa, bas ɗin ba za ta ƙara wata shekarar ba.

Ya Allah, ga bawanKa Ubaidullah ɗan Zayd ya zo gare Ka. Ka san ruwan da ya shayar da mutane, Ka san yaran da suka rayu ta dalilinsa, Ka san kuma inda ya yi gaggawa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya haske a cikinsa. Idan da sauran haƙƙin wani a kansa, Ka sanyaya zuciyar mai haƙƙin, Ka biya shi daga taskarKa. Ka jiƙan matattun Tulai gaba ɗaya, da iyayenmu, da Raki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ihsan, da Bilqis da 'ya'yanta, da al'ummar Nurfali na gida da na waje, da dattijo Muhsin da sauran mutanen Amal, waɗanda su ma rashin nasu ne. Allah Ya ba ku haƙurin jurewa. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu, Ya ba mu masu ɗaukar mu.

Alhaji Aminullahi Gimba
Old Trafford, Manchester